Faifan Sanaba Sumano

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina aiki a ma'adanar muryoyi ta ƙasa da ke Bamako, kuma a tsawon wannan zamani sau ɗaya tak na bar faifai yana juyawa ba tare da kunnena a kansa ba. Tunda ƙananan ma'aikata sun ɗauki labarin suna yawo da shi a majalisun shayi, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, ya wajaba ni Siriman Jara in faɗe shi yadda ya auku.

Dokar ba tawa ba ce. Na gaje ta daga maigidana, marigayi Cemoko Sangare, wanda ya zaga ƙasar nan da na'urar ɗaukar murya tun shekarun farko na samun mulkin kai. Ranar da na kama aiki, tun bai nuna mini kujerata ba ya ce da ni, zaren faifai ba ya tafiya sai da kunne a kansa. Dalili kuwa shi ne, tsohon zare yakan karkace ya janye daga bakin na'ura, allurar auna murya tana ta motsi kamar lafiya lau, alhali murya ta dushe. Ido ba ya kama wannan, sai kunne. A shekarar babban fari wani abokin aikinmu ya tashi amsa sallama a bakin ƙofa, ya dawo ya tarar na'ura ta cinye rabin waƙar masunta. Cemoko bai ɗaga masa murya ba. Ya dai mayar da shi sashen goge ƙura, a can ya zauna har ya yi ritaya.

A cikin faya-fayen da Cemoko ya bari akwai guda mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. A jikin akwatinsa ya rubuta da hannunsa: "Sanaba Sumano, jeli, ta ƙasar Kita. Ta rasu wata huɗu bayan ɗauka. Ba a buɗe shi sai da ɗan gidanta a zaune." Jeli a wurinmu su ne maroƙan gado masu riƙe da tarihi. Ban taɓa jin abin da ke cikin faifan ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Shekara biyu kafin in ajiye aiki aka kawo mana Korotumu Tarawele, wadda aka ɗora wa nauyin kwashe muryoyin duka zuwa kwamfuta. Ta san aikinta, wannan ba zan hana mata ba. Sai dai ita Tarawele ce ni kuma Jara, kuma tun kaka da kakanni akwai wasa tsakanin gidajen biyu, don haka ko da yake a shekaru na haife ta, tana da ikon zagina da rana tsaka, ni kuwa ba ni da ikon yin fushi.

Wata safiya cikin bazara na iske ta tsaye da akwatin a hannu.

Na ce, "Wa ya ba ki izinin taɓa wannan?"

Ta ce, "Murfi kawai na ɗaga, bawana, ban taɓa zaren ba. Zo ka shaƙa. Ko wake ya toshe muku hanci ku Jara?"

Na matsa. Wani wari mai tsami ya bugi hancina, kamar na kunun da ya kwana uku. Na san warin. Zaren da ya fara shi ya kama hanyar mutuwa. Gefensa ya nannaɗe, kuma jan fentin da ke riƙe da murya ya soma zuba a gindin akwatin kamar dusa.

Ta daina dariya ta ce, "Ba zai ga ƙarshen damina ba. Kuma tafiya ɗaya ce ta rage masa. Duk inda ya wuce bakin na'ura fentin zai kakkaɓe. In mun kama murya a tafiyar nan mun kama, in ba mu kama ba, shi ke nan. Mu ɗora shi yau."

Na nuna mata rubutun Cemoko.

"Tsoho, shekara hamsin da biyar! Wa ya sani ko gidan ma yana nan?"

Na ce mata gidan jeli ba ya ɓata, kuma sharaɗin da aka karɓi abu a kansa ba ya tsufa. Na sa aka ƙulla goro goma a ganye, kamar yadda ake aika wa manya, na ba wani maƙeri ɗan Kita ya kai. Mako uku muna jira. Kullum da safe Korotumu takan ɗaga murfin ta dubi dusar da ta ƙaru, ta dube ni. Wannan kallon ya fi mini zaginta ciwo.

Ranar wata Talata da hantsi, hadari na haɗuwa ta gabas, wani dattijo dogo ya shigo da sanda mai kan tagulla. Shi ne Fadiala Sumano, autan marigayiya, kuma babban jelin gidansu a lokacin. Aka ba shi ruwa ya sha.

Ya ce, "Jara!"

Na ce, "Marhaba, Sumano!"

Muka gaisa yadda ya kamata, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya yabi kakannina har hawa bakwai. Sa'an nan ya gyara zama.

"Ubangidana, goro ya iso, na kuwa ci. Amma ban zo don a buɗe ba. Na zo in ɗauki uwata in tafi da ita gida."

Na ce masa abin da ya shigo gidan nan ya zama na ƙasa, ba ya fita. Na ba shi misali da zamanin soja, lokacin da wani hafsa ya zo da mutum shida yana neman wani faifai, Cemoko ya zauna a bakin ƙofar ma'ajiya tun safe har la'asar, hafsan ya koma hannu rabbana.

Ya ce, "Hafsan da bindiga ya zo. Ni da nonon da na sha na zo. Kana da misalin wannan?"

Ba ni da shi.

Sai ya sassauta murya ya yi mana bayani. Abin da ke faifan kashi biyu ne. Na farko maganar dandali ce, yabon gidajen ƙasarsu da tarihin yaƙe-yaƙensu, wanda kowa ke ji a biki. Daga inda molo ya yi shiru kuwa maganar ɗaki ce: sunayen waɗanda suka kafa garin, da rantsuwar da suka yi wa juna, da inda kowannensu yake kwance. Wannan mutum ɗaya ne ke jin ta a kowane zamani, daga gidan Sumano, kuma daga baki zuwa kunne.

Ya ce, "Ni ke riƙe da ita yanzu." Da ya faɗi haka kan sandarsa yake kallo, ba fuskata ba. Na lura, amma ban ba abin muhimmanci ba.

Muka yi ta jan magana har rana ta take. A ƙarshe ya yarda a kwafi maganar dandali, bisa sharaɗin da zarar molo ya tsaya a tsayar da na'ura.

Korotumu ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba jeli, ka yi mini haƙuri in faɗi ɗaya. Zaren nan ya bushe kamar ganyen kuka. In muka taka masa birki a tsakiya zai tsinke ya warwatse a cikin naɗinsa. Abin da ya rage ba zai sake tashi ba har abada."

Ya ce, "To ya kwanta, 'yata. Abin da ke cikin mutum ba ya bukatar ƙarfe."

Na miƙe na ce, "Sumano, ga maganata. Babban yatsana zai zauna a kan maɓalli. Ka ɗaga sandarka, in danna. Jara ne ya faɗa."

Da muka shiga ɗakin na'ura Korotumu ta ja hannun rigata, ta yi ƙasa da murya. "Da hannunka za ka kashe rabinsa? Bayan shekara arba'in kana gadinsa?"

Na ce, "Alkawari kaya ne. Ɗora batir, kada wuta ta ba mu kunya."

Ta haɗa komai da batir. Ni na zare bakin zaren da kaina, na bi da shi ta hanyarsa a hankali kamar mai jan makaho, na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi. Na sa abin sauraro a kunnuwana. Shi kuma dattijon muka zaunar da shi gaban lasifika, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Na yi bisimilla na murza.

Da fari huci ne kawai. Sai molo ya shigo, sai murya. Na saurari manyan mawaƙan ƙasar nan, da masu rai da matattu, kuma ina faɗa ba tare da shakka ba cewa ban ji uku kamarta ba. Murya ce mai kauri, ba ta gaggawa, tana ajiye kowane suna kamar mai jera tubali. A bayan kowace gaɓa wani saurayi yana amsawa, "Naamu." Haka ƙa'ida take, maganar jeli ba ta faɗuwa ƙasa, dole a sami mai tarbe ta. Ba a yi gaɓa goma ba dattijon ya soma amsawa shi ma, muryarsa na hawa kan ta saurayin daidai wa daida.

Korotumu ta dube shi. "Baba, ba kai ne ba?"

Ya ce, "Shekarata goma sha tara." Bai juyo ba.

Jar dusa tana sauka kan takarda. Duk taƙin zaren da ya wuce ya zama fanko, ana hango haske ta cikinsa. Minti goma, minti ashirin. Gumi ya jiƙa mini wuya, ban share ba. Wajen minti na talatin molo ya fara ja da baya, na gane an kusa. Na ɗora babban yatsana kan maɓalli. Korotumu ta kau da kai ta fuskanci bango.

Molo ya tsaya.

Na dubi sanda. Ba ta motsa ba tukuna, domin ba waƙa ce ta biyo ba, magana ce irin ta cikin gida.

Sanaba ta ce, "Mai molo, tashi ka fita. Fadiala, kai ma. Gemunka bai fito ba. Ran da ya fito zan ba ka."

Sai wata murya da na yi shekara ashirin ban ji ba ta ratsa kunnena. Maigidana ne, yana saurayi.

"Uwa, ni ba na barin na'ura ita kaɗai."

"Sangare, Bafillace, je ka duba shanunka! Ƙarfe ba shi da baki, kai kana da shi. Fita."

Aka ji jan kujera, aka ji takun mutum uku, aka ji ƙofa ta rufe. Cemoko Sangare, wanda ya kafa dokar, ya fita ya bar zare yana tafiya. Daga nan sai motsin tsohuwa ita kaɗai, tana kurɓar ruwa, tana gyaran murya.

Na sake duban sanda. Dattijon ya riƙe ta da hannu biyu har jijiyoyinsa sun fito, amma gindinta na ƙasa. Sai rubutun akwati ya faɗo mini: ta rasu wata huɗu bayan ɗauka. Gemu ba ya fitowa cikin wata huɗu. Shekara hamsin da biyar mutumin nan yana zaune a matsayin mai riƙe da maganar ɗaki, garinsu duka na yi masa kallon rumbu, shi kuwa ya san babu komai a ciki. Ya zo ya tafi da faifan ne don kada wani ya ji wannan gaɓar. Yanzu an ji, kuma abin da ya rasa yana bakin ƙofa. Ba zai iya ɗaga sanda ba, ba zai kuma iya buɗe baki a gabanmu ya ce a bari ba.

Tsohuwar ta fara bisimilla. Numfashi biyu ko uku ya rage.

Na ce, "Korotumu, kashe lasifika."

Ta kashe tun ban rufe baki ba. Na cire abin sauraro daga kunnuwana, na ɗora shi a kan dattijon, na ɗaga gefe ɗaya na ce, "Sumano, a wannan gaɓa maigidana ya fita daga ɗaki. Ni ma na fita. Kai ne kunnen gidan nan yanzu. Sandarka na hannunka, yatsana na inda yake."

Idonsa ya riga ya tafi wani wuri.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar juyawar faifai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shiru ba. Allura tana motsi, amma allura ba ta san kalma ba. Can sai dattijon ya ce, "Naamu." Aka jima kaɗan, "Naamu." Na dubi allura na ga tana faɗuwa ta kwanta a daidai inda yake amsawa. Ashe ko da ta kori kowa, tsohuwar ta bar gurbin amsa bayan kowace gaɓa. Da wannan na samu abin riƙewa: muddin yana amsawa, murya na fita.

Muka tafi haka kamar minti biyar. Sai allura ta kwanta, amsa ba ta zo ba. Ta tashi, ta sake kwantawa, babu amsa.

A nan na yi kuskurena, kuma ba zan ɓoye shi ba. Maimakon in kai hannu ga zare, sai hannuna ya tafi da kansa wajen kunnen dattijon, zai ɗauko abin sauraro in ji abin da ya faru. Sabo ne na shekara arba'in. Korotumu ta buge hannun da ƙarfi har ya yi ƙara.

"Bawa, hannunka!"

Dattijon ya yi kuwwa, "Ta faɗa rijiya! Jara, uwata ta faɗa rijiya!"

Na gane. Zaren ya karkace ya bar bakin na'ura. Na fizgi ƙyallen auduga na naɗe a ɗan yatsana, na kai shi bayan zaren. In na danna da yawa ya tsinke, in na yi sako-sako murya ba za ta dawo ba, kuma ba ni da kunnen da zan auna. Na taɓa shi kamar mai taɓa idon jariri.

"Ta fito?"

"Da nisa!"

Na ƙara kaɗan. Na ji zaren yana kakkarwa a ƙarƙashin yatsana.

"Yanzu fa?"

Allura ta kwanta, sai ya ce, "Naamu."

Ban sake motsa yatsan nan ba har minti goma sha tara. Kafaɗata ta ɗauki wuta, hannuna ya soma rawa, na san in rawar ta kai yatsa an gama. Korotumu ta zagayo ta durƙusa, ta tallafi gwiwar hannuna da tafukanta biyu.

Ta raɗa mini, "Riƙe, maci wake. In ka saki sai na sayar da kai a kasuwar Madina ta nan Bamako, kuma ba wanda zai taya."

Na ce ta cikin haƙora, "Tarawele ba ta taɓa mallakar ko akuya ba."

A waje aka fara ruwan farko na shekara, muna jin sa a kan kwano. Dattijon yana ta amsawa, hawaye na bin gemunsa fari fat, bai share ba. Sanda kuwa tun tuni ta zame ta faɗi ƙasa, ba wanda ya ɗauka.

Wutsiyar zaren ta fice, ta shiga bugun jikin na'ura. Na kashe. Sai da Korotumu ta lanƙwasa mini hannu kafin ya yarda ya sauko.

Dattijon ya cire abin sauraro ya riƙe shi a cinya. Ba wanda ya tambaye shi komai game da gemu, a ranar ko bayanta. Can sai ya nuna kwamfuta ya ce, "Ta shiga can?"

Korotumu ta ce, "Ta shiga, Baba. In ka ce a goge kashi na biyu, yanzu zan goge, kana kallo."

Dattijon ya ce, "A shekaruna ba zan iya riƙe ta duka da ji ɗaya ba. Zan dawo gobe, da jibi. Bayan haka a rufe ta yadda Bafillacen nan ya rufe. Ni ma ban san ranar da gemun jikana zai fito ba."

Na tambaye shi abin da tun ɗazu nake tsoron tambaya. "Sumano, ta fito duka?"

Ya dube ni. "Suna ɗaya ya faɗi, ubangidana. Tsakanin shigarta rijiya da fitowarta. Na huɗu cikin masu rantsuwa."

Wato a daidai lokacin da hannuna ya tafi inda bai kamata ba.

Korotumu ta ce, "Wataƙila in iya tsamo shi. Akwai dabarar wanke murya. Sai dai dole in saurari wurin, sau da yawa ma."

Ya girgiza kai. "A'a, 'yata. Ya zauna a rijiyarsa. In na zo kansa zan bar gurbi, wanda zai karɓa daga bakina ya amsa wa gurbin."

Ya ciro farin ƙyalle daga aljihu, ya roƙi jar dusar da ke kan takarda. Dokar gidan ta ce abin da ya shigo ba ya fita, na kuwa duba cikin dukan abin da na sani ban sami misalin da ya shafi dusa ba. Na naɗe takardar da kaina na juye masa. Ya ƙulle, ya sa a ƙirjinsa, ya ce zai kai ta inda mai ita take kwance.

Kwana tara ya yi yana zuwa. Kullum Korotumu takan ɗora masa abin sauraro, mu fita mu ja ƙofa, mu zauna a baranda muna jin "naamu" ta cikin katako. Ranar da ya tafi na ɗauki sabon akwati na kwafe rubutun Cemoko kalma da kalma. A ƙarƙashi na ƙara layi ɗaya da hannuna: "Suna na huɗu ya ɓata a hannun Siriman Jara." Korotumu ta ce in goge, ai ba wanda zai taɓa sani. Na ce mata Cemoko bai goge takun fitarsa daga faifan ba, alhali almakashi na hannunsa shekara talatin.